Makarɓan saƙon rayuwa da girman ɗanyun ƙwayoyin B

Makarɓan saƙon rayuwa wasu furotin ne da ke zaune a kan tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta. Aikinsu shi ne karɓar saƙo daga wajen ƙwayar su isar da shi ciki, domin hana ta kashe kanta. A wajen ƙwayoyin B, waɗanda su ne ke samar da antibodi a garkuwar jiki, waɗannan makarɓai ne ke tantance wace ƙwaya za ta rayu har ta balaga, wace kuma za ta mutu tun tana ɗanya. Mafi muhimmanci a cikinsu su ne makarɓin IL-7, da makarɓin wucin gadi da ake kira pre-BCR, da makarɓin antijin wato BCR, da kuma makarɓin BAFF wanda ake taƙaitawa da BAFF-R.

Kowace ƙwayar B tana ɗauke da tsarin kashe kai da masana ke kira afoftosis, kuma wannan tsari a shirye yake ya fara aiki da zarar saƙon rayuwa ya yanke. Don haka mafi yawan ƙwayoyin B da ɓargo ke ƙerawa ba sa kaiwa ga balaga. Idan saƙon ya yi ƙaranci, mutum yakan rasa antibodi, cututtuka su riƙa kama shi a kai a kai. Idan kuma ya yi yawa, ƙwayoyin da ya kamata su mutu sukan rayu su afka wa jikin da ya ƙera su, kamar yadda ake gani a cutar lufus.

## Tarihi

Harafin B ya samo asali ne daga wata 'yar jaka da ke kusa da duburar tsuntsaye, mai suna bursa. A shekarar 1956 Bruce Glick da Timothy Chang na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka suka wallafa cewa kajin da aka cire wa wannan jaka tun suna 'yan tsaki ba sa iya samar da antibodi yadda ya kamata. A 1965 Max Cooper, tare da Raymond Peterson da Robert Good, suka nuna cewa ƙwayoyin garkuwa na limfosait gida biyu ne: masu fitowa daga bursa, waɗanda daga baya aka sa wa suna B, da masu fitowa daga taimus, wato T. Mutane da sauran dabbobi masu shayarwa ba su da bursa. A wurinsu hantar tayi ce ke fara wannan aiki, sannan ɓargo ya karɓa har ƙarshen rayuwa.

Tun kafin wannan, a 1952, wani likitan sojan Amurka mai suna Ogden Bruton ya bayyana labarin wani yaro ɗan shekara takwas da ke yawan kamuwa da cututtuka, wanda aka tarar jininsa babu antibodi. Sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo matsalar, aka sa mata suna BTK don tunawa da shi. A 1997 ɗakin binciken Klaus Rajewsky a Jamus ya nuna cewa balagaggiyar ƙwayar B takan mutu idan aka cire mata makarɓinta na BCR. A 1999 ƙungiyoyin bincike da dama, ciki har da ta Jürg Tschopp a birnin Lausanne na Suwizalan, suka gano furotin BAFF, kowace ta ba shi sunanta. Shi ya sa ake samunsa a littattafai da sunaye kamar BLyS da TALL-1. An gano makarɓinsa na musamman, BAFF-R, a 2001.

## Matakan girma a cikin ɓargo

Ƙwayar B tana farawa ne daga ƙwayar tushe ta jini, wadda duk ƙwayoyin jini ke fitowa daga gare ta. Daga nan sai ta bi matakai a jere, kuma ana gane kowane mataki da irin aikin da ta kammala wajen ƙera makarɓinta na antijin. Wannan makarɓi yana da manyan sarƙoƙi biyu da ƙananan sarƙoƙi biyu na furotin. Umarnin ƙera sarƙoƙin a warwatse yake cikin DNA, a gutsattsarin da ake kira V da D da J. Enzayim biyu, RAG1 da RAG2, su ne ke yanka DNA domin a haɗa gutsattsarin. Susumu Tonegawa ɗan ƙasar Japan ne ya gano wannan tsari, kuma ya sami kyautar Nobel a kansa a 1987.

A matakin farko, wato pro-B, ƙwayar tana haɗa gutsattsarin babbar sarƙa. Haɗin na sa'a ne, domin kusan biyu cikin kowane haɗi uku ba ya ba da furotin mai amfani. Ƙwayar tana da dama biyu, ɗaya a kwafin da ta gada daga uwa, ɗaya a na uba. Wadda ta yi nasara takan shiga matakin pre-B, inda za ta rarrabu sau da dama sannan ta koma haɗa ƙaramar sarƙa, ta fara da nau'in kappa, idan bai yiwu ba ta koma nau'in lambda. Idan sarƙoƙin biyu suka haɗu suka fito kan tantani a matsayin IgM, an sami ɗanyar ƙwayar B ke nan.

## Saƙonnin farko: IL-7 da pre-BCR

A matakin pro-B ƙwayar ba ta da makarɓin antijin, don haka ta dogara ne da ƙwayoyin da ke kewaye da ita a cikin ɓargo. Waɗannan ƙwayoyi suna fitar da CXCL12, wanda ke kama makarɓin CXCR4 ya riƙe ƙananan ƙwayoyin B a mazauninsu, suna kuma fitar da IL-7. Idan IL-7 ya kama makarɓinsa, sai enzayim JAK1 da JAK3 su tayar da furotin STAT5, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwaya ya sa a ƙera Mcl-1, ɗaya daga cikin furotin masu hana afoftosis.

A nan akwai bambanci tsakanin ɓera da ɗan Adam. Ɓeran da ba shi da IL-7 ko makarɓinsa, girman ƙwayoyinsa na B yakan tsaya tun da wuri. Amma jariran da aka haifa da lalataccen makarɓin IL-7 sukan rasa ƙwayoyin T, yayin da ake samun ƙwayoyin B a jininsu. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa masana taka-tsantsan wajen ɗora sakamakon gwajin ɓeraye a kan mutane.

Da zarar an ƙera babbar sarƙa, sai a gwada ta. Ana haɗa ta da wata ƙaramar sarƙa ta riƙon ƙwarya, wadda furotin biyu suka yi, VpreB da lambda 5, tare da wasu furotin biyu masu isar da saƙo, CD79a da CD79b. Wannan haɗi shi ne pre-BCR. Idan babbar sarƙar ta yi kyau, makarɓin zai aika saƙo ta hanyar enzayim irin su Syk da BTK, saƙon da ke sa ƙwayar ta rayu, ta daina taɓa ɗaya kwafin babbar sarƙa, ta kuma hayayyafa. Wadda ba ta sami wannan saƙo ba sai ta mutu a wurin, manyan ƙwayoyin da ke share datti su cinye gawarta.

## Makarɓin antijin: ƙarfin saƙo ne ke yanke hukunci

Tun da haɗa gutsattsarin DNA na sa'a ne, yawancin sababbin makarɓai sukan iya kama wani abu na jikin mai su. Wani bincike da Hedda Wardemann da Michel Nussenzweig da abokan aikinsu suka wallafa a 2003 ya nuna cewa kashi 55 zuwa 75 cikin 100 na antibodin da ƙwayoyin B na farko-farko ke ƙerawa a ɓargon ɗan Adam suna kama kayan jiki. Dole ne a tace su kafin su fita.

Tacewar ta dogara ne da ƙarfin saƙon da BCR ke aikawa. Idan makarɓin ya kama wani abu na jiki da ƙarfi, ƙwayar takan tsaya a inda take, ta sake tayar da RAG, ta canza ƙaramar sarƙarta da wata. Ana kiran wannan gyaran makarɓi, kuma ɗakunan binciken David Nemazee da Martin Weigert ne suka bayyana shi a 1993. Idan gyaran ya gagara, ƙwayar sai ta mutu. Idan kuma kamun mai rauni ne, ƙwayar tana iya fita daga ɓargo amma a kasalance, ba ta amsa kira, kuma ba ta daɗewa a raye. Christopher Goodnow ya nuna wannan yanayi a ɓeraye a 1988.

Ita kuwa ƙwayar da makarɓinta bai kama komai na jiki ba, ba shiru take yi ba. Kasancewar BCR a kan tantani kaɗai yana haifar da wani ɗan saƙo mai sanyi da ba ya yankewa, ko da babu antijin. Wannan shi ne saƙon tushe. Shi ne ke kashe RAG, ya ba ƙwayar damar ci gaba. A 2009 ɗakin binciken Rajewsky ya nuna cewa enzayim PI3K ne ginshiƙin wannan saƙo, domin idan aka tayar da shi ta wata hanya, ƙwayar da ta rasa BCR takan ci gaba da rayuwa. Ke nan ɗanyar ƙwayar B tana buƙatar saƙo matsakaici: rashinsa gaba ɗaya mutuwa ne, tsananinsa kuma alama ce ta haɗari.

## Daga ɓargo zuwa saifa

Ɗanyun ƙwayoyin da suka tsallake wannan tacewa sukan rage amsa kiran CXCL12, su shiga jini su nufi saifa. A wannan lokaci ana kiransu ƙwayoyin tsaka-tsaki, kuma an kasa su zuwa T1 da T2. Harafin T a nan ba shi da alaƙa da ƙwayoyin T na taimus. Ƙwayar T1 tana da IgM mai yawa a tantaninta, amma IgD da CD21 kaɗan ne, kuma ba ta da CD23. Idan ta koma T2 sai waɗannan su ƙaru. Wasu masana suna ƙara rukuni na uku, T3, wanda ake ganin yawancinsa ƙwayoyin da suka kasalance ne. A jinin ɗan Adam ana gane ƙwayoyin tsaka-tsaki da yawan CD24 da CD38.

Wannan mataki 'yan kwanaki ne kawai, amma asarar da ake yi a cikinsa babba ce. Ɓargon ɓera yana ƙera ɗanyun ƙwayoyin B kimanin miliyan 10 zuwa 20 a kowace rana, amma kaso kaɗan ne ke isa saifa, kuma daga cikinsu ma ba duka ne ke shiga sahun balagaggu ba. Ƙwayar T1 tana da rauni ƙwarai: idan antijin ya kama makarɓinta da ƙarfi mutuwa take yi, alhali balagaggiyar ƙwaya a irin wannan hali hayayyafa take yi. Waɗanda suka tsira sukan zama ko dai ƙwayoyin da ke zagayawa tsakanin saifa da kaluluwa, ko kuma waɗanda ke zaune a gefen farin sashen saifa suna tsaron jini. Rukuni na biyu yana buƙatar ƙarin saƙo daga makarɓin Notch2.

## BAFF da makarɓansa

BAFF furotin ne daga dangin TNF. Ƙwayoyin B ba su ne ke samar da yawancinsa ba. Fararen ƙwayoyin jini irin su nutrofil da monosait da makrofaj, da kuma ƙwayoyin da suka yi ginshiƙin saifa da kaluluwa, su ne ke ƙera shi. Yakan fara fitowa a manne da tantani, sannan enzayim furin ya yanke shi ya shiga jini, galibi guda uku a haɗe.

Makarɓai uku ne ke kama BAFF. Na farko BAFF-R, wanda ba ya kama komai sai BAFF, kuma shi ne ke da alhakin rayuwar ƙwayoyin tsaka-tsaki da balagaggu. Na biyu TACI, na uku BCMA. Waɗannan biyun suna kama wani ɗan'uwan BAFF mai suna APRIL. TACI yana taimakawa wajen amsa ga ƙwayoyin cuta masu rigar sukari da kuma sauya nau'in antibodi, yana kuma taka burki ga yawan ƙwayoyin B. BCMA kuwa ya fi muhimmanci ga ƙwayoyin filasma masu tsawon rai, waɗanda ke zaune a ɓargo suna zubo antibodi shekara da shekaru.

BAFF-R yana fara bayyana kaɗan-kaɗan a kan ɗanyun ƙwayoyi tun suna ɓargo, sannan ya ƙaru yayin da suke bin matakan T1 da T2. A 2001 aka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa BAFF suna da matakan ɓargo lafiya lau, suna da ƙwayoyin T1, amma daga T2 zuwa sama sai a ga mafi yawa sun ɓace. Wani nau'in ɓeran gwaji mai suna A/WySnJ, wanda aka daɗe da sanin yana da ƙarancin ƙwayoyin B, an gano cewa BAFF-R ɗinsa ne ya lalace. Akwai kuma wani rukunin ƙwayoyi a ɓeraye, B-1, da ba ya dogara da BAFF.

## Yadda saƙon ke tafiya a cikin ƙwaya

Idan babu BAFF, akwai wani enzayim mai suna NIK da ƙwayar ke ƙerawa tana kuma rusa shi nan take. Furotin TRAF3 ne ke kama NIK ya miƙa shi ga masu rusawa. Idan BAFF ya kama BAFF-R, wutsiyar makarɓin da ke cikin ƙwaya takan janyo TRAF3, a rusa shi maimakon NIK. Sai NIK ya taru, ya tayar da IKK-alfa, shi kuma ya sa a datse wani furotin mai suna p100 ya koma p52. Daga nan p52 ya haɗu da RelB su shiga cibiyar ƙwaya su kunna ƙwayoyin gado na rayuwa. Wannan ita ce hanya ta biyu ta NF-kB.

Sakamakon shi ne ƙaruwar furotin masu hana mutuwa, irin su Bcl-2 da Bcl-xL da Mcl-1, da raguwar Bim, wanda ke tura ƙwaya ga afoftosis. Rinjaye tsakanin waɗannan ɓangarori biyu ne ke nuna ko tantanin mitokondiriya zai huje ya saki sinadaran da ke tayar da enzayim masu rusa ƙwaya. BAFF-R yana kuma ƙara wa ƙwayar ƙarfin shan sukari da ƙera furotin.

BCR da BAFF-R ba a rabe suke aiki ba. Saƙon tushe na BCR yana ƙara yawan BAFF-R a kan tantani, yana kuma sa a ƙera p100, wato kayan aikin da BAFF-R ke datsewa. Don haka ƙwayar da makarɓinta na antijin ba shi da kyau ba za ta amfana sosai da BAFF ba, ko da yana nan.

## Gasa a kan BAFF

Yawan BAFF a jiki yana da iyaka, kuma kowace ƙwayar B da ta kama shi ta rage wa saura. Ta haka jiki ke daidaita adadin ƙwayoyin B ba tare da ƙirga su ba. Idan suka yi yawa, BAFF ya yi ƙaranci, wasu su mutu. Idan suka ragu, BAFF ya taru, sababbi da yawa su tsira. Ana ganin haka a marasa lafiyar da aka ba maganin rituximab, wanda ke share ƙwayoyin B: BAFF yakan hau a jininsu.

Wannan gasa tana da alaƙa da tace ƙwayoyi masu haɗari. Bincike biyu da aka wallafa a 2004 sun nuna cewa ƙwayoyin da ke kama kayan jiki da rauni suna buƙatar BAFF fiye da sauran, domin Bim ya fi yawa a cikinsu. A yanayin lafiya sukan sha kaye a gasar su mutu. Amma idan BAFF ya yi yawa sukan sami rabonsu su balaga. Tun a 1999 Fabienne Mackay da abokan aikinta suka nuna cewa ɓerayen da aka sa su ƙera BAFF fiye da kima sukan tara ƙwayoyin B, su kamu da ciwo mai kama da lufus.

## Cututtuka da magunguna

Cutar Bruton misali ce ta yankewar saƙo tun da wuri. Rashin BTK yana hana pre-BCR isar da saƙonsa, girman ya tsaya a ɓargo, jini ya kasance kusan babu ƙwayoyin B. Da yake ƙwayar gadon tana kan kuromosom X, yara maza ta fi shafa. Alamun sukan fara ne bayan kimanin wata shida da haihuwa, lokacin da antibodin da jariri ya samu daga mahaifiyarsa ya fara ƙarewa. Ana kula da masu ita ta hanyar yi musu ƙarin antibodi a kai a kai tsawon rayuwa.

A 2009 masu bincike a birnin Freiburg na Jamus suka bayyana wasu 'yan'uwa biyu da ba su da BAFF-R. Ƙwayoyinsu na B sun tsaya a matakin tsaka-tsaki kamar yadda aka gani a ɓeraye, IgG da IgM sun yi ƙasa a jininsu, amma matsalar ba ta bayyana ba sai bayan sun girma. Ana kuma samun sauyi a ƙwayar gadon TACI a wani kaso na masu cutar ƙarancin garkuwa da ake kira CVID.

A ɗaya ɓangaren, ana yawan samun BAFF ya hau a jinin masu lufus da masu cutar Sjögren. Lufus ta fi kama mata, kuma ta fi yawa da tsanani a tsakanin masu asalin Afirka idan aka kwatanta da Turawa. A watan Maris na 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da belimumab, wani antibodi da ke kama BAFF ya hana shi aiki. Shi ne sabon maganin lufus na farko da ta amince da shi cikin fiye da shekara 50, kuma a 2020 aka faɗaɗa amfaninsa zuwa lufus da ta taɓa ƙoda.

Wasu cututtuka masu yaɗuwa ma suna taɓa wannan tsari. Binciken da aka yi a kan yara a gaɓar tekun Kenya ya nuna cewa BAFF yakan hau a jini lokacin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Haka kuma a masu ɗauke da HIV ana samun hauhawar BAFF da yawan ƙwayoyin tsaka-tsaki a jini, musamman idan cutar ta yi nisa. A 2017 aka gano wani sauyi a ƙwayar gadon BAFF da ya yawaita a tsibirin Sardiniya na Italiya, wanda ke ƙara yawan furotin ɗin da kuma haɗarin lufus. Masu binciken sun kawo yiwuwar cewa zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe a tsibirin ne ya sa sauyin ya yaɗu.

Sankarar ƙwayoyin B ma tana cin moriyar waɗannan hanyoyi domin kauce wa mutuwa. A wani nau'in sankarar kaluluwa, musayar gutsattsari tsakanin kuromosom 14 da 18 tana sa a ƙera Bcl-2 ba tsayawa. Wannan ilimi ne ya haifar da magunguna irin su ibrutinib, mai toshe BTK, wanda aka amince da shi a Amurka a 2013, da venetoclax, mai toshe Bcl-2, a 2016. A sankarar ƙwayoyin filasma kuwa, BCMA ne ake hara, kuma a 2021 aka amince da maganin farko na ƙwayoyin T da aka sarrafa domin su farauto ƙwayoyin da ke ɗauke da shi.